Abin da Aure Ke Wankewa a Amurka, da Wanda Ba Ya Wankewa

'Ya'yana, ku da kuke Amurka da bizar ziyara, da ku da kuke gida kuna harin tafiya, akwai maganar da ke yawo a tsakaninku tun daga Bronx har Greensboro: wai in biza ta ƙare, mutum ya lallaɓa ya auri 'yar ƙasa, shi ke nan an wuce wurin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take rudar mutane.

Sashe na 245 na dokar shige da ficen Amurka ya hana wanda ya zarce wa'adinsa, ko ya yi aiki ba da izini ba, neman koren kati daga cikin ƙasar. Amma ya tsame mijin 'yar ƙasa da matar ɗan ƙasa daga wannan hani, muddin ta ƙofa suka shigo, jami'i ya duba fasfo ya ba da izini. Wanda ya tsallako iyakar Meziko a ɓoye ba ya ciki. Wanda matarsa koren kati kawai take riƙe da shi, shi ma ba a yafe masa ba. Wa'adin kuma ba ranar da ke jikin biza ba ce, wadda ke takardar shigowa ta I-94 ce.

Inda na fi jiye muku tsoro shi ne fita. Dokar 1996 ta ce wanda ya haura kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba, in ya fita, sai bayan shekara 3 zai iya komawa. In ya cika shekara guda, sai bayan 10. Hukuncin ba ya hawa kanka sai ranar da ka bar ƙasar. Sai a bugo waya da tsakar dare, Hajiya tana asibiti a Kano ko Maraɗi, hankali ya tashi, kafin gari ya waye ka yanki tikiti. Ba zan ce kada ɗa ya je ga mahaifiyarsa ba, Allah ya kiyaye. Amma ka san abin da ka saya. Ko da ka riga ka shigar da fom I-485 na neman koren kati, in ka fita ba takardar izinin tafiya, za a ɗauka ka watsar da buƙatarka. Akwai afuwar da ake nema da fom I-601A tun 2013, sai dai dole ka nuna matarka ko iyayenka da ke da takardun ƙasar za su shiga matsanancin hali, kewa kaɗai ba ta isa hujja ba.

Batun aiki kuwa, ba gumin da ka yi ne ke kayar da kai ba, yadda ka samu aikin ne. Ranar farko a sito ko gidan kula da tsofaffi, manaja zai turo maka fom I-9. Akwai gurabe huɗu, na farko yana cewa kai ɗan Amurka ne. Biro na hannunka, kuɗin haya na jira, sai ka ɗan yi maki a wurin. Tun daga 30 ga Satumban 1996, wannan ɗan makin na haramta wa mutum koren kati har abada, kuma aure ba ya goge shi. Aron takardun ɗan'uwa mai fasfon Amurka ma can yake kaiwa. Fom I-485 zai tambaye ka ko ka taɓa aiki ba izini. Ka ce eh. Laifin da doka ta riga ta yafe, me zai sa ka lulluɓe shi da ƙaryar da ba ta yafewa cikin sauƙi?

Sai abin da ya shafe mu musamman. Da yawanku sun rubuta a fom ɗin neman biza cewa suna da mata da 'ya'ya a gida, don a yarda za su dawo. Wannan rubutun yana nan a ajiye. Hukumar shige da fice ta USCIS ba ta karɓar aure na biyu alhali na farko yana raye, ko da shari'armu ta halatta shi. Takardar saki ko ta rasuwa za ta nema. Wanda ya ƙirƙiro wa uwargida saki a takarda, ba ta ji ba ba ta gani ba, ya cuce ta, ya kuma jefa kansa a sahun masu zamba. Auren kwangila kuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne da tarar dala 250,000, kuma duk auren gaskiya da ka yi daga baya ba zai samo maka kati ba. Ko na gaskiyar ma, in bai kai shekara 2 ba ranar da aka amince, katin wucin gadi na shekara 2 za a ba ka.

Ku sani kuma ba da katin ganin dama ne na jami'i, kuma tsanantawa tana sauyawa da gwamnati. Kafin ka sa hannu a komai, ka nemi lauyan shige da fice mai lasisi, ba mai cika fom a bayan shago ba. Ka tafi masa da tsohon fasfo, da I-94, da sunan duk inda ka taɓa aiki, ka faɗa masa gurbin da ka yi wa maki a kowane I-9.