Tafasa da Rai Ɗore: Ku San Abin da Kuke Tsinka

'Ya'yana, damina ta kankama, juji da bakin hanya sun yi kore shar. Yanzu ne iyayenku mata za su riƙa aikenku tsinko tafasa, don haka ku matso mu yi magana.

Tafasa tana da ɗan'uwa da ke tsirowa a gefenta, shi ne rai ɗore, wanda wasu ke kira majamfari ko sanga-sanga. Danginsu ɗaya, furensu duka ruwan ɗorawa, kuma suna ƙanana sukan rikita mai gaggawa. Amma kama da wane ba ta wane.

Ku fara da ganye, ku ƙirga. Kowane sillen tafasa yana ɗauke da ganye 6, uku a dama uku a hagu, bakinsu a zagaye, sun fi faɗi ta sama. Na rai ɗore galibi 8 ne zuwa 12, dogaye, bakinsu da tsini, kuma sillen yakan yi jaja-jaja. Ku duba gindin sillen, inda ya manne da kara: rai ɗore yana da ɗan ƙullutu mai duhu a wurin, na tafasa kuwa yana can tsakanin ganye biyu na farko. In kun murza ganyen rai ɗore za ku ji wari mai ƙarfi, sai dai tafasa ma tana da nata bashin, saboda haka kada ku bar wa hanci hukunci shi kaɗai.

Idan sun yi 'ya'ya, magana ta ƙare. Kwanson tafasa dogo ne siriri, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai ɗore ya fi faɗi, a daɓe yake, tsakiyarsa ta fi gefensa duhu.

Me ya sa na dame ku da wannan? 'Ya'yan rai ɗore suna da guba. Dabbar da ta ci su da yawa naman jikinta yakan lalace, har ta kasa tashi. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa bayan damina, hanta da ƙwaƙwalwa sun taɓu, sai a 2007 likitoci suka danganta abin da cin ɗanyun 'ya'yansa. Ku kula da ƙannenku masu kai komai baki, ku kuma tsince shi daga harawar awaki.

Na san mutanenmu sun daɗe suna dafa ganyensa saboda zazzaɓi. Amma magani yana da ma'auni, kuma ba aikin yaro ba ne. Wanda zazzaɓi ya kama, a kai shi asibiti a yi masa gwaji.

Ita tafasar ma, ku tsinki ganyen sama masu taushi, nesa da kwata da gonar da aka yi wa feshi. A dafa, a zubar da ruwan, sannan a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli.

Duk tsiron da kuka yi shakka a kansa, ku tuge shi har saiwa ku kai wa kakarku ta duba. Tambaya ba ta rage mutum. Abin da ta nuna muku, gobe ku riƙe hannun ƙannenku ku nuna musu a jikin tsiron. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku.