Yadda Ake Auna Gwanintar Ƙwallo Da Sanin Lafiyar Jiki A Firamare

Idan ƙarshen zango ya zo, wasu malamai kan jefa wa yara ƙwallo, su raba su gida biyu, su koma gindin darbejiya, wanda ya zura ƙwallo a raga shi ne mai maki. Wannan ba awo ba ne. Manyan yara uku ne za su mamaye wasan, ƙanana su tashi ƙafarsu ba ta taɓa ƙwallo ba, 'yan mata kuwa suna gefe suna kallo. Na daɗe ina koyar da darasin motsa jiki, ga hanyar da nake ba abokan aiki a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura shawarar bi da 'yan aji 4 zuwa 6.

1. Tanadi kaya. Nemi ƙwallo mai lamba 4, domin lamba 5 ta manya ce. Guji ta roba marar nauyi, iskar hunturu kwashe ta take yi. Idan ka kai wa mai faci, ka tsaya a kansa kada ya cika ta da iska, yawancin yaranmu ba takalmi suke bugawa. Sauran kayan ba sa cin kuɗi: robobin lemo cike da yashi, toka ta shata layi, usur, da agogon waya.

2. Gyara fili, ka zaɓi lokaci. A tsince tsidau da ƙarangiya da tsakuwa, musamman a yankin Roni mai duwatsu. A gama kafin ƙarfe 10 na safe, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40. Ka ajiye ruwan sha. Ka san masu sikila da masu asma tun kafin ranar, kada ka tilasta musu gudu. Da azumi kuwa, ɗage awon.

3. Tsara takardar maki. Nan ne aikin yake. Rubuta sunayen yara tun a gida, ka ja layi huɗu: fasin, tsayar da ƙwallo, jan ƙwallo, da jifa. Kowane ɗaya yana da alamu uku, kowace alama maki ɗaya.

Ɗauki fasin. Ajiye robobi biyu, taku 2 tsakaninsu, yaro ya tsaya taku 8 daga nan. Alama ta farko: ƙafar da ya dogara a kanta tana gefen ƙwallo, tana kallon inda zai aika. Ta biyu: ya buga da cikin ƙafa, idon sawu a ɗaure. Ta uku: ƙwallon ta bi ƙasa ta ratsa tsakanin robobin.

Ido ba ya iya kama ukun nan lokaci guda, duk wanda ya ce maka yana iyawa, ƙwallon kawai yake bi da kallo. Saboda haka ka ba yaro bugu uku. A na farko ka dubi ƙafar dogaro, a na biyu ƙafar bugu, a na uku kaɗai za ka bi ƙwallo. Ka tsaya a gefensa, domin daga baya ba ka ganin inda ya dasa ƙafa. Za ka tarar da yaron da ke tsire ƙwallo da babban yatsa, kullum tana shiga, abokansa suna ihu. Maki ɗaya ne nasa, kuma ka gaya masa dalili: bugun yatsa ba shi da saiti idan wasa ya yi zafi, ga ɓare farce. Bahago kuwa ka bar shi da ƙafarsa.

Rubuta maki nan take. Kada ka ce sai an koma aji, kafin yaro na goma ka manta na farko. Idan ajin ya cika maƙil, raba su goma-goma, a yi fasaha ɗaya a rana. 'Yan mata su yi nasu rukunin da wando ƙarƙashin hijabi, in da hali malama ta tsaya musu, ma'auni kuma iri ɗaya.

4. Sauran ukun. Tsayarwa: ya shiga gaban ƙwallo, ya sassauta ƙafa, ta kwanta bai fi taku ɗaya daga gare shi ba. Ja: ya zagaya robobi biyar, ƙwallo na kusa da ƙafa, da ƙafa biyu, yana ɗaga kai. Kada ka sa agogo a nan, da zarar sun ga agogo sai su daka ta gaba su bi da gudu. Jifa: hannu biyu, daga bayan kai, ƙafafu biyu a ƙasa, kamar yadda dokar wasa ta ce.

5. Auna sani. Koya musu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15, su ninka sau 4. Su yi haka a zaune, su sake bayan gudun minti biyu. Sannan ka tambaye su da baki, da Hausa: me ya sa bugun ya ƙaru? Me ya sa ake ɗumama jiki kafin wasa? Yaushe ake shan ruwa? Minti nawa ya kamata yaro ya motsa jiki kullum? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla 60 ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Idan ka rubuta tambayoyin da Turanci a allo, Turancinsu ka auna.

6. Auna sau biyu, farkon zango da ƙarshensa, ka ware maki na musamman ga wanda ya ƙaru. Yarinyar da ta tashi daga 3 ta kai 8 ta fi cancantar yabo a kan gwanin da ya tsaya a 10. Kada ka karanta maki a bainar aji, kada kuma ka sa wanda ya gaza tsallen kwaɗo, sai ya tsani motsa jiki har girmansa.

Kowane yaro a filin nan yana so ya zama Ahmed Musa, kuma wataƙila wani ya kai. Amma takardar da ke hannunka ta ajin ce duka. Ka adana ta, ka miƙa wa malamin da zai karɓe su baɗi, ya san inda zai ɗora.