Amsar Tambaya: Farantan Kaka Tsohon Tangaran Ne?

Wata mai karatu daga Sukukutane ta gaji farantan jeren kakarta, dillali ya taya. Tana son sanin ko tsohon tangaran ɗin Sin ne.

Ya kamata ta fara kifa faranti ta duba gindinsa. In an rubuta CHINA da boko, galibi bai girmi 1891 ba, lokacin da dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Sunan Sarkin Sin Kangxi (ya yi mulki 1662–1722) a gindin faranti ba hujja ba ne, domin maginan garin Jingdezhen na Sin da suka zo daga baya sun yi ta kwafarsa.

Sannan ta haska tocila, haske kan ratsa bakin tangaran mai kyau. Zanen hannu kuwa ba ya zama iri ɗaya sak a faranti biyu.

Kada ta dirje su da yashi, kuma ta dakata da ciniki har masani ya gan su.