Darasin Wannan Mako: Yadda Ake Samun Gurbin Karatu a Jami'ar Ahmadu Bello

A wannan makon ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu ta ɗauko batun da ya fi damun 'yan aji shida, kodayake muna roƙon 'yan aji huɗu su fi kowa tsayawa a gaban allon nan, domin su ne ke da sauran lokaci a hannu.

Duk wanda ya tashi a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan ya san Samaru. Wasunmu sun kai mara lafiya asibitin koyarwa na Shika, wasu sun raka tumatir ko rake kasuwannin Zariya sun wuce ta bakin ƙofar jami'a. Wannan kusancin yana ruɗarmu. Muna ganin tun da mota ɗaya ko biyu ce ke kai mu, to shigar ma ba za ta yi wuya ba. Alhali kujerar da muke hange daga Hunƙuyi, ita ɗan Maiduguri yake hange, ita ɗan Ilori da ɗan Legas suke hange.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, a zamanin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello. Shugabanta na farko Bature ne, Norman Alexander. Ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, daga 1966 zuwa 1975, shi ne Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda aka haifa a Anchau, nan maƙwabtan Ikara. Tsohon gwamnan jiharmu Ahmed Mohammed Maƙarfi a can ya karanta aikin akanta. Mun kawo su ne don kada wani ya ce irinmu ba sa shiga. Suna shiga. Tambayar ita ce ta yaya.

Mu fara da lissafi, ko da ba zai yi mana daɗi ba. A jarrabawar JAMB ta 2024, ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas aka fitar wa sakamako. Kusan kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba daga cikin 400. Waɗanda suka samu 300 zuwa sama ba su kai dubu tara ba a duk faɗin Nijeriya. To daga saman wannan jerin ake tsinto masu karatun likitanci, da haɗa magunguna, da shari'a, da wasu fannonin injiniyanci.

A nan ne da yawanmu suke yin kuskuren farko. Kowace shekara za ka ji a rediyo an ce an tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 a 2024, 150 a 2025. Sai yaro ya samu 190 ya fara raba goro. Wancan makin na tsayawa a layi ne kawai. Ma'anarsa jami'a ba za ta ɗauki wanda ya gaza haka ba, amma bai ce dole ta ɗauki wanda ya kai ba. Kowane kwas yana da adadin kujerunsa. A likitanci ma akwai hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa da ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Idan kujerun sun cika da masu maki sama da naka, ka tashi a tutar babu ko da makin naka ya burge duk unguwarku.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ko daga ina ka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Jihar Kaduna tana cikin yankin ABU, tana kuma cikin wancan jerin na uku. Wannan gata ne, amma kada mu ɗauke shi fiye da yadda yake. A cikin kason 'yan Kaduna ma gasa ake yi, kuma abokan gasarmu su ne 'yan Barewa da Alhudahuda da makarantun kuɗi na Kaduna da Zariya, waɗanda wasunsu tun suna aji ɗaya suke taɓa kwamfuta.

Ita jarrabawar kanta darussa huɗu ce, tambayoyi 180, a cikin awa biyu. Turanci dole ne ga kowa, yana da tambayoyi 60, sauran ukun kowanne 40. Ku raba da kanku: daƙiƙa 7,200 a kan tambayoyi 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Wanda ya saba yin minti biyar a kan lissafin Fiziks ɗaya, ko da amsarsa daidai take fitowa, lokaci zai cinye shi. Don haka sani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sauri, shi kuwa sauri ba ya samuwa sai da maimaita tsofaffin tambayoyi da agogo a gefe. Ba a cire maki don an ba da amsa ba daidai ba, saboda haka babu dalilin barin tambaya fayau.

Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake zana JAMB. Mun san a cikinmu akwai wanda hannunsa bai taɓa hawa kan madannai ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ake buƙata kaɗan ne: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wannan S ɗin a kiyaye shi har sai an gama. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista. Shawararmu kowa ya yi ta. Gara hannunka ya yi rawa a ranar gwaji.

Yanzu ga wurin da muka fi so a tsaya a karanta sau biyu, wato haɗin darussa. Mai son likitanci zai zana Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci zai zana Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a yana buƙatar Adabin Turanci, kuma wannan darasi ne da ɗalibai da yawa suke yarwa tun a aji huɗu saboda wai littattafan sun yi yawa, sai a aji shida su gane sun rufe wa kansu ƙofar Kongo da hannunsu. Haka nan sakamakon WAEC ko NECO: kiredit biyar har da Turanci, a darussan da kwas ɗin ya nema. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗa sakamako biyu a likitanci, a zama ɗaya suke so.

Akwai wani yayanmu da ya gama makaranta shekarun baya, ba za mu faɗi sunansa ba. Kowa ya san shi da ƙoƙari. Ranar rajista ya ga layi ya yi tsawo, motar komawa gida kuma tana shirin tashi, sai ya bar wa mai shagon kwamfuta takarda ya ce ya cike masa. Aka sa masa Lissafi a maimakon Bayoloji. Da ya ga takardar bai ɗauki abin da muhimmanci ba, har ya ji daɗi don ya fi iya Lissafin. Ya ci maki mai kyau ƙwarai, amma likitanci bai ko duba sunansa ba. Shekara guda ta tafi, da kuɗin da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya biya. Hukumar JAMB tana wallafa kundin da ke nuna abin da kowane kwas yake buƙata a kowace jami'a, da manhajar kowane darasi, kyauta a shafinta na intanet. Minti goma na karatu da sun ishe shi.

A kan rajistar ma akwai ƙananan abubuwa masu kayar da mutum. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da WAEC da JAMB. Idan nan Muhammad ne can Mohammed, nan Abdullahi can Audu, a gyara tun yanzu. Layin wayar da ka yi rajista da shi ya zama naka ne, kada ka yi da na aboki ko na mai shago, domin ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Sannan jami'ar da masu nema suka yi mata yawa irin ABU, waɗanda suka sa ta a zaɓin farko take kira tantancewa. Bayan JAMB akwai tantancewar jami'ar kanta, saboda haka ba a ajiye littafi ranar da aka fito daga ɗakin kwamfuta.

Malamanmu su yi mana afuwa, za mu faɗi wata gaskiya. Abin da ya fi kayar da mu ba Kemistiri ba ne, Turanci ne. Yaro ya san amsa sarai idan aka yi masa tambayar da Hausa, amma kalma ɗaya a cikin tambayar ta juya masa ma'ana. Maganin wannan ba haddace ma'anonin kalmomi ba ne a watan ƙarshe. Karatu ne na kullum, ko shafi biyu ne, na jarida ko na labari, da ƙamus a kusa. Akwai kuma littafin labari da hukumar take sakawa a jarrabawar Turanci, ana ba da shi lokacin rajista. A karanta littafin kansa. Taƙaitawar da ake turawa a WhatsApp ba ta wadatarwa.

Game da satar amsa a WAEC da NECO kuwa, ko mun ajiye maganar haramci gefe, lissafin ba ya fita. Wanda aka rubuta wa amsa a allo ya samu A a Fiziks zai zauna shi kaɗai gaban kwamfuta, kuma tambayoyinsa ba lallai su zo a jere ɗaya da na maƙwabcinsa ba. Idan ma ya tsallake, shekarar farko a Samaru tana jiransa, inda ake sallamar waɗanda suka kasa ko a mayar da su wani kwas.

Tun 2017 duk gurbin karatu na gaskiya ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake fitowa. Can za ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO, can za ka ga an ba ka gurbi, can kuma za ka danna ka karɓa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi yana da hanya a sama, a tambaye shi ko abin zai fito a CAPS. Mu dai ba mu ga dalilin da uba zai sayar da akuya don abin da ake dubawa a waya ba.

Idan ba a dace a karon farko ba fa? Ana sake zama, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke sanye da farar riga a Shika ba a zama ɗaya suka samu ba. Akwai kuma hanyar IJMB, wadda ita ABU ɗin ce ke kula da jarrabawarta, ana yin karatunta a wurare irin su makarantar share fagen shiga jami'a da ke Funtuwa. Wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu, sai dai a kwasa-kwasan da ake rububi kujerun wannan hanyar ma kaɗan ne. Wasu kuma sukan fara da karatun kiwon lafiya a nan Maƙarfi, ko difloma a Nuhu Bamalli, daga baya su nemi jami'a da wannan takardar.

'Yan aji huɗu, kafin Juma'a kowa ya rubuta kwas ɗin da yake so a takarda, ya jera darussan da kwas ɗin ke nema a ƙarƙashinsa, ya kwatanta da waɗanda yake ɗauka yanzu. Wanda ya ga giɓi ya kai wa malamin ajinsa tun ana iya sauya darasi.