Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske akwai masu zama a tsibiri a Nijar?

Tambaya: Nakan sayi banda a kasuwar Dole, masu kifi kuma suna cewa daga tsibiran Tafkin Chadi take zuwa. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Gidimuni ba. Yaya mutane ke zaune a tsakiyar ruwa, kuma waɗanne dabbobi ke can? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, masu kifi ba su yi maka ƙarya ba. In ka bi hanyar gabas ta Gure da Maine-Sorowa da Difa har Gigimi, tafiyar kusan kilomita 600, ka kai gefen tafkin, ko da yake a wasu shekarun sai ka ƙara tafiya mai nisa kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Yawancin tsibiran tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye. Wasu kuwa ba ƙasa ba ce sam, ciyayi ne da suka sarƙe suna yawo bisa ruwa, iska ta kaɗo su yau su toshe hanyar da kwalekwale ya bi jiya.

Mutanen wurin na asali su ne Buduma, masu kiran kansu Yedina. Tun da can sun yi suna da jiragen da suke ɗaurawa da ciyawar tafki, suna fito da kanwa da kifi. Baturen da ya fara ratsa tsibiransu shi ne Adolf Overweg, Bajamushe, a 1851, cikin jirgin katako da aka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Garinku ma na cikin labarin: shugaban ayarin da Overweg ke ciki, James Richardson, ya yada zango a Zinder a farkon wannan shekarar, amma ya rasu a hanyar Kukawa bai ga tafkin ba.

Abin da ke fara tsayar da baƙo shi ne shanun kuri. Farare ne manya, ƙahoninsu sun kumbura kamar tulu, sai ka ce wuya ba zai ɗauka ba, alhali ba su da nauyi sosai. In ciyawa ta ƙare a tsibiri, garken kan faɗa ruwa gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho, makiyayi na biye a kwance bisa wani icce marar nauyi yana tuƙi da hannu. Suna da nono ƙwarai, sai dai ba su jure zafi da ƙishi in an raba su da tafki, shi ya sa ba kasafai kake ganin tsantsar kuri a kasuwannin Damagaram ba.

Akwai dorina da kada, da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Amma in za a faɗi gaskiya, mai mulkin tsibiri sauro ne. Magariba na yi kowa ya nemi gidan sauronsa, shanu su matso kusa da hayaƙi.

Zaman wurin duk bin ruwa ne. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa, ɓangaren Nijar har ya sha ƙafewa ƙaf. Masunta sai suka shuka masara da wake a inda suka saba jefa koma, da ruwa ya dawo kuma suka koma su. Hausawa da Barebari da dama sun shiga tsibiran ta wannan hanya.

Idan kana tunanin zuwa ka gani da idonka, shawarata ka dakata. Bayan harin Boko Haram a tsibirin Karamga cikin Afirilun 2015, hukuma ta kwashe dubban mutane daga tsibiran zuwa wajen Gigimi da Boso, kuma rikicin ya daɗe yana hana zirga-zirga a yankin. Ka fara tambayar fataken kifi na Difa halin da hanya ke ciki kafin ka biya kuɗin mota.