HUKUNCIN TSEREN MOTOCI A MUSULUNCI

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako jan kunne ne ga samarinmu na Kusugu da sauran unguwannin Daura masu sha'awar gyara tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 ƙirar Kaduna, don yin tsere da su.

Shi tsere asalinsa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa an yi tseren dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. To, amma hanyar Daura zuwa Katsina ba filin sukuwa ba ce, hakkin jama'a ce. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka. In kuwa kowa ya zuba kuɗi, gwani ya kwashe, wannan caca ce.

Wanda ya banke mutum ya mutu, ko da bisa kuskure ne, diyya ta wajaba a kan danginsa, shi kuma kaffara, watau azumin wata 2 a jere. Haka nan bakaniken da ya ƙara wa inji ƙarfi, ya ƙyale lalataccen birki, ya ci amana.

Allah Ya kiyashe mu, amin.