Ɓawon Ayaba: Magani Ne, Ko Abincin Akuya?

Jama'a, ranar Alhamis da ta wuce ina kasuwar Shinkafi wani dattijo daga ƙasar Zurmi ya tare ni da tambaya. Ya ce ɗansa ya ji ana cewa ɓawon ayaba yana warkar da miki da gyambon ciki, shin gaskiya ne? Na ga wannan tambaya ta shafi kowa, don haka ita ce darasinmu na wannan mako.

Da farko mu san abin da ke cikin ɓawon. In ka auna ayaba, wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ɓawo ne. Watau mai sayen ayaba ta naira 300, ta naira 100 ya ke jefarwa. Abu uku ne manya a cikinsa. Na ɗaya, fotash, wanda harafin K na jikin buhun takin NPK ke nufi. Na biyu, abin da ke sa baurin nan da ka kan ji in ka ɗanɗana ɗanyen ɓawo. Masana suna kiransa tanin, danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yana tsuke fata, yana kuma raguwa in ayaba ta nuna. Na uku, wani abu da a ke kira dofamin, wanda ke cikin abubuwan da ke sa ɓawo ya yi baƙi in ya sha iska. A 2000 waɗansu masana biyu na Jami'ar Kobe ta ƙasar Japan, Kanazawa da Sakakibara, sun auna shi, suka tarar ya fi yawa a ɓawo bisa ga tsoka nesa ba kusa ba.

To, ina maganar gyambon ciki ta samo asali? A 1984 waɗansu masana a Ingila suka ba ɓeraye garin ɗanyar agade da aka busar, sa'an nan suka ga ya kare cikinsu daga gyambon da ƙwayar asfirin ke jawowa. Amma a lura da abu uku. Ɓeraye aka gwada, ba mutane ba. Ayabar da ta nuna ba ta yi wannan aiki ba. Kuma da suka ware abin da ke aikin a 1999, cikin tsoka suka same shi.

Haka kuma maganar miki. Masu bincike su kan busar da ɓawo, su niƙa, su jiƙa shi cikin ruwan magani, su tace, kana su ɗiga a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti. Sau da yawa ya kan hana waɗansu ƙwayoyin yaɗuwa. Amma faranti daban, jikin ɗan Adam daban. Kafin abu ya zama magani sai an gwada shi ga marasa lafiya, an san awonsa da illarsa. Ɓawon ayaba bai kai wannan matsayi ba tukuna.

Saboda haka, ɗan'uwa, in fartanya ta sare ka, kada ka ɗaura ɓawo. Yawancin ayabarmu daga kudu ta ke zuwa cikin mota, ta sha ƙura da hannuwa. Waɗansu 'yan kasuwa kuma suna nuka ta da kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta hana, gama yana barin guba a jikin ɓawo. Wanke mikin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tafi asibiti a yi maka allurar rigakafin ciwon nan mai sandare jiki ya ɗaure muƙamuƙi, don cikin ƙasa da kashin dabbobi ƙwayarsa ta ke. Mai gyambon ciki kuwa kada ya bar maganin likita don ɓawo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma kada a ce ɓawo ba shi da amfani. Ga wanda ba shakka cikinsa:

1. Wanke nunannen ɓawo, ka yanyanka, ka haɗa wa awaki da tumaki da harawa da dusa. Ƙari ne, ba ya maye harawa.

2. Wanda ya ruɓe a zuba shi ramin taki tare da kashin dabbobi, ya mayar wa lambu da fotash.

3. Wanda ya bushe a ƙone shi. Da tokar ɓawon agade Yarabawa ke yin baƙin sabulu. Ruwan tokarsa yana da kaifi, a nisanta shi daga ido da yara.

Masu tebur na Ƙaura Namoda da Zurmi, ku ajiye kwando ku tara wa masu kiwo, ya fi a bar shi bakin hanya ya ka da mutum. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.